Rami biyu a ƙauye ɗaya, duk babu ruwa: ina takardun rijiyoyinmu suke?

Mai Injin Haƙa: Assalamu alaikum jama'ar gida. Akwai abin da ya tsaya min a rai, in ban fitar da shi a nan ba ba zan samu barci ba. Makon jiya muka kwashe kayanmu daga wani ƙauye a ƙasar Dukku. Kwana tara muna haƙa. Mun wuce mita 180, abin da ke fitowa jan yashi, sai fari, sai yumɓu, sai yashi kuma, busasshe kamar an soya shi a kasko. Gas ya ƙare, kuɗin mai aiki ya ƙare, muka naɗe.

Muna ɗaure kaya a mota sai wani dattijo ya ja hannun rigata ya ce in zo in ga wani abu. Ya kai ni bayan makarantar firamare, tafiyar da ba ta kai minti uku ba, ya sa ƙafa ya ture wani tsohon kwano. Bututun ƙarfe ne a ƙasa, ya yi tsatsa, an toshe bakinsa da siminti. Ya ce shekarun baya wasu sun zo da injin da ya fi namu girma, su ma haka suka tafi hannu rabbana. Na ce, Baba, me ya hana ku gaya mana tun ranar da muka sauka? Ya ce ba wanda ya tambaye su, kuma sun ɗauka ko namu injin zai fi sa'a.

Dattijon ba shi da laifi. Abin da nake tambaya, wanda ya haƙa wancan ramin dole ya rubuta abin da ya tarar, mita nawa ya kai, wace ƙasa ya ratsa. Ina takardar take? A wace durowa? Mu nan a zauren nan akwai injiniyoyi, akwai masana ƙasa, akwai 'yan ma'aikata, akwai malaman jami'a. Kowa da nasa littafi a ƙarƙashin filo.

Injiniya Tumfure: Wa alaikumus salam. Allah ya mayar da alheri, Malam. Kun yi gwajin ƙasa kafin ku kafa inji kuwa?

Mai Injin Haƙa: An yi, Injiniya. Mai aikin ne ya kawo nasa yaron da na'ura, ya ce akwai ruwa a mita 120. Ni dai na san ƙasar Dukku ba ta ba da ruwa da wannan arhar, amma mai kuɗi ya ce a haƙa.

Dakta na Yelwa: Sannu da ƙoƙari. Wannan shimfiɗar yashin da kuka shiga ita muke kira Kerri-Kerri. Ta kwanta daga wajen Alkaleri da Darazo a Bauchi, ta bi ta Akko da Kwami da Dukku, har cikin Yobe. Matsalarta ba rashin ruwa ba ce, zurfi ne. Yashin yana da ƙofofi, ruwan sama in ya sauka sai ya yi ta zurarewa ƙasa ba abin da zai tare shi sai can nesa. Wani lokaci a tarar da ɗan ruwa a saman wani falon yumɓu, mutane su yi murna, watan Maris na kamawa ya ƙafe. Na'urar gwajin kuma in ba a baza wayoyinta da nisa sosai ba, ba ta ganin wannan zurfin, sai ta ga damshin yumɓu yaro ya rubuta ruwa.

A cikin garin Bauchi labarin daban ne. Dutse ne a ƙasa, ruwan yana cikin marmarar da ke samansa ko cikin tsagar dutsen. Sai ka samu ruwa a gidanka, maƙwabcinka na jikin katanga ya haƙa ya tarar da ƙura. Shi ya sa takardar kowace rijiya take da daraja, har ma wadda ta fi daraja ita ce ta rijiyar da ba a samu ruwa ba. Ita ce ke cewa na baya kada ka zubar da kuɗinka nan. Amma ita ce ba a ajiyewa, saboda ba mai son a san ya haƙa ramin banza.

Alhaji Sarkin Burtsatse: Dakta, da girmamawa, ku kuna da albashi. Ni shekara ashirin da 'yan kai ina wannan sana'a. Abin da na sani game da ƙasar Kumo da Pindiga da Kashere da kuɗina na saye shi, da asara na saye shi. Yanzu a ce in tattara in zuba a kwamfuta, gobe wani yaro da ya ci bashin inji ya buɗe ya karya min farashi? Kuma mun sha bayarwa. An sha zuwa da fom a ce mu cike, za a yi taswira, za a yi kaza. Muka cike. Har yau ko kwafin taswirar ban gani ba. Wanda ya karɓa ya yi digirinsa da shi ya wuce.

Dakta na Yelwa: Wannan maganar ta ƙarshe ta same ni, Alhaji, kuma ba zan kare kaina ba. Ɗalibai na yin bincike kowace shekara, a ɗaure shi da baƙin bango, a jera a kanta, ƙura ta rufe. Mai haƙa bai taɓa gani ba, ɗan ma'aikata bai taɓa gani ba.

Maman Hanifa: Ku bar ni in shigo da nawa ɓangaren, don kullum in ana maganar ruwa sai a tsaya kan an samu ko ba a samu ba. Ni 'yar Kaltungo ce, aikina gwajin ruwa. Duk wanda ya san yankinmu ya san haƙoran yaranmu, ja-ja, wasu har sun yi ɗige-ɗige kamar masu cin goro tun suna goye. Da muna yara ana ce mana gado ne. Ba gado ba ne, sinadarin fuloraid ne ya yi yawa a ruwan wasu rijiyoyin, daga duwatsun wurin yake narkewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyaka, miligiram 1.5 a kowace lita. Ruwan fes yake, ba wari ba ɗanɗano, kuma tafasawa ba ta cire shi, sai ma ta ƙara masa ƙarfi tunda ruwan ne ke tashi ya bar shi a tukunya.

To mai haƙa ya samu ruwa ya karɓi kuɗinsa. Injiniya ya ɗora tanki da sola ya ɗauki hoto. Likitan haƙori yana ganin yaran a asibiti shekara goma bayan nan. Mu huɗun nan, har da ni mai gwaji, ba mu taɓa zama a tabarma ɗaya ba. Sau nawa aka kawo min ruwa a gorar lemo, ba sunan ƙauye, ba zurfin rijiya, a ce Hajiya a taimaka a buga mana takarda ana jiranta a biya mu.

Injiniya Tumfure: Kina bugawa?

Maman Hanifa: Injiniya, kar ka ja ni da faɗa da safiyar nan. Ina gwadawa in rubuta abin da na gani. Abin da suke yi da takardar bayan sun fita, tsakaninsu da Allah.

Malamin Gona, Hinna: Salamu alaikum. Ni ba injiniya ba ne, an dai sa ni a zauren ne saboda ina tare da manoman rani na ƙasan dam ɗin Dadin Kowa. Ku kuna kukan ruwan da ke ɓoye a ƙasa, mu namu a fili yake muna kallonsa, amma ba mu san ranar da zai zo mana ba. Manomi yana so ya san abu biyu kawai: yaushe ruwan shuka zai zauna, kuma yaushe kogi zai hau. Yanzu damina ta koma wani iri. A yi ruwa mai ƙarfi a Mayu, kowa ya fita ya yi shuka, sai sama ta ɗauke mako biyu ko uku, masara ta fito ta ƙone, a sake sayen iri. Can a Agusta da Satumba kuma ruwan wata guda ya zubo a dare biyu. Iyayenmu sun san marka, ruwa siriri yana sauka kwana da kwanaki ƙasa tana sha a hankali. Yanzu kamar da bakin ƙwarya ake juye shi.

Ɗan Jekadafari: Ni fa wannan sauyin yanayin ya fara isata. Komai ya lalace sai a ce sauyin yanayi. Sauyin yanayi ne ya zuba shara da ledar fiya wata a magudana? Shi ne ya sayar da fili a bakin kwari aka gina gida? Garin Gombe a cikin kwano yake, tudu ya kewaye shi, ruwan da ya sauka a saman Tumfure da Shongo dole ya biyo ta cikin gari. An yi mummunar ambaliya a 2004, lokacin wa ke maganar sauyin yanayi a nan? Mun sare itatuwa, mun shafe ko'ina da siminti da kwano, ruwa ya rasa inda zai nutse. Kwarurrukan da ke cin unguwanni mu muka ba su abinci.

Dakta na Yelwa: Duk abin da ka lissafa gaskiya ne, amma kada ka jefar da ɗayan. Iska in ta ƙara zafi da digiri ɗaya, tururin ruwan da take iya ɗauka yana ƙaruwa da kusan kashi 7 cikin ɗari. Sama ta fi daɗewa tana tarawa, in ta tashi saki kuma ta saki da yawa. Masu bin hotunan tauraron ɗan adam sun ga cewa manyan hadarurruka masu tsanani a yankin Sahel sun ninka kusan sau uku daga 1982 zuwa 'yan shekarun nan, mu kuma a bakin Sahel ɗin muke. Abin da Malamin Gona ya faɗa da idonsa ya gani, lissafi ma haka ya nuna.

Inda abin ya shafe mu, kwalbatin da Injiniya zai zana yau, da wane ruwan sama zai auna faɗinsa? In da alƙaluman shekarun 1970 da 1980 ne, to waɗannan shekarun fari ne, farin 1973 da na 1984 duk a ciki suke. Ka gina wa ruwan fari hanya, ruwan yanzu ya zo ya tarar ta yi masa kaɗan. A Agustan 2024 kowa ya ga yadda ruwa ya yanke babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri a tsakanin Jama'are da Azare. Sharar magudana da sauyin yanayi ba kishiyoyi ba ne, ɗaya ke ɗora wa ɗaya kaya.

Injiniya Tumfure: Gaskiya Dakta ka taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Akwai aikin da na yi na nemi alƙaluman ruwan sama na awa-awa, don kwalbati ba ruwansa da jimillar wata, abin da ya sauka cikin minti talatin shi ke karya shi. Na yi yawo ofis uku. Na farko suka ce in rubuto takarda, na biyu suka ce mai makullin ya tafi kwas, na uku suka kawo min farashi. Na koma na ƙara faɗin da ka, na yi addu'a.

Baba Mai Ritaya: Yara, ina karanta ku tun ɗazu, jikata ce ke buga min saboda idon ya yi rauni. Ni na fara aiki ba da daɗewa ba bayan an kafa hukumomin raya kogunan nan a 1976. A lokacinmu akwai sandar awo a gindin gadoji, fara da baƙin rubutu kamar rula. Kowace sanda da mutuminta a ƙauyen, wani malamin makaranta ne, wani mai kwale-kwale. Ƙarfe bakwai na safe da shida na yamma zai je ya duba inda ruwa ya tsaya ya rubuta a littafi. Ƙarshen wata in hau babur in bi su ɗaya bayan ɗaya, in karɓi littafi in ba su ɗan alawus.

Akwai wani bawan Allah a bakin Gongola, wajen Nafada, ba zan manta da shi ba. Aka daina biyan alawus ɗin, aka daina ba mu man babur, na yi shekara biyu ban je ba. Ranar da na je wani sha'ani na kaina na biya ta wurinsa, sai ya shiga ɗaki ya fito da littattafan makaranta guda huɗu, irin masu jadawalin lissafi a baya. Da na ofis ya cika, da kuɗinsa ya riƙa saye yana ci gaba da rubutawa. Ranar da ya yi zazzaɓi ɗansa ya je, ya sa alama a gefe don in san ba hannunsa ba ne. Sandar ma ruwa ya karya rabinta, ya samo gora ya auna ya ɗaura. Na karɓa na kai ofis, aka ce ba a cikin fom ɗin hukuma yake ba. Suna nan a gidana har yau.

Abin da nake so ku gane, ruwan da zai iso Dadin Kowa jibi, yau yana wucewa ta Nafada. Wanda zai wuce Nafada, shekaranjiya ya sauka a duwatsun Filato da ƙasar Bauchi. Kogin da kansa yake aiko da saƙo, mai karantawa ne babu.

Malamin Gona, Hinna: Allah ya ƙara lafiya, Baba. Wallahi da za a samu mutum ɗaya a sama yana turo mana hoton sandar nan a WhatsApp kullum, da mun san ranar da za mu janye injinan ban ruwa daga bakin gaɓa.

Injiniya Tumfure: Amma a yi wa masu kula da dam adalci, aikinsu ba sauƙi. Dadin Kowa tun 1984 aka gama gina shi, kuma yanzu iyayengiji huɗu gare shi. Mai wutar lantarki, megawat 40, yana son tafkin a cike don injinsa ya juya har rani. Mai tsoron ambaliya yana son a rage shi kafin Agusta don a bar wa ruwan da ke tafe wuri. Manomin rani yana son a sakar masa a Fabrairu da Maris. Mu mutanen Gombe muna son famfo ya kawo, don daga can ake turo mana. In ka rage da wuri damina ta zo da ƙaranci, ka jawo zagi. In ka riƙe ruwa ya zo da yawa, dole ka buɗe ƙofa a lokacin da na ƙasa ma suke cikin ruwa. Kuma abin da ka saki ba a Hinna zai tsaya ba, zai tarar da dam ɗin Kiri a Adamawa, ya wuce ya haɗu da Binuwai a Numan, inda su kuma suke zaman ɗar-ɗar da ruwan dam ɗin Lagdo daga Kamaru, kamar yadda aka gani a 2012 da 2022. Ba a yanke irin wannan shawarar da ka. Sai da awon sama, da hasashe, da waya tsakanin masu dam ɗin uku.

Hajiya ta Hasashe: Tunda an ambaci hasashe bari in ce wani abu. NiMet, hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, tana fitar da hasashen damina tun farkon shekara: lokacin faruwar ruwa, lokacin ɗaukewarsa, inda ake tsoron tsaikon ruwa a tsakiya. NIHSA, hukumar da ke sa ido kan ruwan koguna, ita ma tana fitar da nata na ambaliya kafin damina, da sunayen ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari. Abin yana nan. Inda yake maƙalewa tsakanin Abuja da gona ne. A yi taro a otal, a raba littafi mai sheƙi, a watse. Manomin Hinna rediyo yake ji, kuma wani da Fulatanci ko Teranci zai fi ganewa. Sannan hasashe ba wahayi ba ne, in an ce akwai yiwuwar tsaiko ba a ce ranar Talata ba. In ba a samu irin su Malamin Gona sun zauna da mu sun mayar da shi maganar wane iri za a shuka kuma yaushe ba, takarda ce kawai.

Ɗan Ningi: Duk wannan zance ne. Mu a Bauchi maganarmu ɗaya ce, a gama mana dam ɗin Kafin Zaki. Tun zamanin Shagari aka fara, aka watsar. Kowace damina kogin Jama'are ya cika ya cinye gonaki da gidaje a Jama'are da Itas da Zaki, ya wuce, rani ya zo matasanmu su tafi ci-rani. Kano ta yi dam ɗin Tiga a 1974, ta yi na Challawa a 1992, tana noman rani tana sayar mana da tumatir. Mu ne ba mu da baki?

Ɗan Gashuwa: Na san za a zo nan. Yallaɓai, ruwan da kake cewa ya wuce, wurinmu yake zuwa, kuma shi muke sha. Kogin Haɗeja an riga an ɗaure shi da Tiga da Challawa. Da can yana cika da damina ya janye da rani, fadama ta sha ta bushe, a yi shinkafa, a kama kifi, shanu su samu ciyawa. Da aka mayar da shi mai gudu kaɗan-kaɗan duk shekara, ciyawar kachalla ta samu gida, ta toshe hanyoyin ruwa, wani wuri ya nutse dindindin wani ya bushe. Ka je tsakanin Haɗeja da Nguru ka gani da idonka. Jama'are ne kogin da ya rage yana kawo mana ambaliyar da muke noma da ita. Ku datse shi, mu da mutanen Geidam har zuwa Damasak mu ci me?

Ɗan Ningi: To mu zauna ruwa na cinmu don ku yi shinkafa?

Alhaji Sarkin Burtsatse: Ku bar Babarbare ya yi kuka, dama mu Fulani muka saba shayar da su.

Ɗan Gashuwa: Alhaji, ni Babade ne, amma na karɓa a madadinsu. Bafulatanin da ke haƙa rami yana sayar da ruwa, ina shanun suka tafi?

Baba Mai Ritaya: Kun ba ni dariya. Amma ku biyun duk kuna da gaskiya, shi ya sa rigimar ta kai shekara arba'in. Ku sani an taɓa zama a kanta. A 2006 an yi taron ƙoli a Damaturu, jihohi shida da ke shan wannan ruwan, Bauchi da Borno da Jigawa da Kano da Filato da Yobe, aka kafa asusun kula da kwarin Haɗeja da Jama'are da Komadugu Yobe. Tunanin shi ne a daina kallon kogin gunduwa-gunduwa. Dam ba dole ne ya zama ƙulli ba, ana iya gina shi da ƙofofin da za su saki ambaliya daidai gwargwado a lokacin da na ƙasa ke bukata. Sai dai na ƙasa ba zai yarda ba sai ya ga alƙaluma da idonsa, nawa ya shigo, nawa aka saki, kuma ya san ba za a canja magana ranar da aka canja gwamna ba. In ba awo, alƙawari ne kawai, kuma kowa ya san yadda alƙawarin na sama yake ga na ƙasa.

Jihar Bauchi ma ku duba, rabinta na arewa tana ƙarƙashin hukumar Haɗeja da Jama'are mai hedikwata a Kano, kudancinta da Gombe suna ƙarƙashin ta Binuwai ta Sama a Yola. Ruwan da ya sauka a dutse ɗaya, rabi ya nufi Tafkin Chadi rabi ya nufi teku.

Maman Hanifa: Ni ɓallewar dam ɗin Alau ce ta tsorata ni. 10 ga Satumba 2024, mutane na barci ruwa ya shigo Maiduguri, kuma an taɓa yin irinsa a 1994. Ƙanwata na aure a can, a saman rufi suka wayi gari. Bayan ruwan ya janye sai aka shiga tashin hankalin rijiyoyin da masai ya malala a ciki. Muna da Dadin Kowa, muna da Balanga, Bauchi na da Gubi da Waya. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta ka san abin yi. Wa ke duba jikinsu, kuma in ya ga tsaga wa yake gaya wa?

Ɗan Jekadafari: Za a kafa kwamiti, Hajiya. A yi bita kwana uku, a ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, a karɓi na mota. Kuɗi ai suna shigowa, ga ACReSAL, shirin farfaɗo da ƙasar da ta lalace, na Bankin Duniya dala miliyan 700 ga jihohin Arewa 19 da Abuja, ga SURWASH, shirin ruwan sha da tsafta, da Gombe ke ciki. Ni dai har yanzu kurar 'yan garuwa nake saye a unguwarmu.

Injiniya Tumfure: Kar mu yi rashin adalci, an ɗaure wasu kwarurruka a cikin gari da kankare kuma mutanen wurin suna barci yanzu in hadari ya haɗo. Amma ka ga kowane shiri da ofishinsa, da motocinsa, da nasa masu ba da shawara. Shirin ya ƙare, kwamfutar ta bi wani gida. Shi ya sa ni ba na son mu jira kowa. Mu nawa ne a zauren nan? Mu fara da abin da ke hannunmu. Shafi ɗaya kawai: sunan ƙauye, lambar wurin daga waya, zurfin da aka kai, inda aka tarar da ruwa, irin ƙasar da aka ratsa, an samu ko ba a samu ba. Maman Hanifa ta ƙara nata layin in ta gwada. Wanda bai zuba ba ba ya ɗiba.

Alhaji Sarkin Burtsatse: Wa zai riƙe?

Injiniya Tumfure: Kowa zai iya buɗewa, Alhaji, ba a durowar mutum ɗaya ba.

Alhaji Sarkin Burtsatse: To ni ga nawa sharaɗin. Zan ba da waɗanda ban samu ruwa ba, duka, har da na Dukku guda uku da ban taɓa gaya wa kowa ba. Masu ruwan kuma sai na ga kamun ludayinku tukuna. Kuma kada a sa sunan kamfanina a jiki.

Mai Injin Haƙa: Alhaji, na Dukku guda uku? Akwai wanda ke bayan firamare, an toshe shi da siminti?

Alhaji Sarkin Burtsatse: Kira ni a waya.

Dakta na Yelwa: La haula. To ni zan sa ɗalibai biyu su shigar da tsofaffin binciken da ke kantarmu, kuma duk taswirar da ta fito a nan za a fara sa ta kafin ko'ina. Baba, littattafan mutumin Nafada fa? Ko shekara biyu ce ta cike giɓi, ina so in ɗauki hotonsu shafi-shafi in mayar maka.

Hajiya ta Hasashe: Malamin Gona, turo min lambarka ta gefe. In hasashen bana ya fito sai mu zauna da kai da manoma biyar ko shida kafin a kai rediyo, ku gaya min inda maganar ba ta shiga kunne.

Ɗan Ningi: Kafin Zaki dai ba a ba ni amsa ba.

Ɗan Gashuwa: Zo Gashuwa a watan Afrilu, ni zan biya maka kuɗin mota.

Baba Mai Ritaya: Dakta, ba huɗu ba ne kawai, akwai na sauran tashoshin da na kwaso lokacin da za a zubar. Kwali uku ne. Ku zo ranar Asabar bayan la'asar, ku zo da mota da mai ƙarfi. Ɗaya gara ta ci gindinsa, sai an tallafo shi ta ƙasa.